Yadda Mai Nema a Legas Zai Gina Yarda da Kansa, Ya Rage Tsoron Faɗuwa

Mutumin da ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina, ya kwana a hanya cikin motar haya ko a bayan tirelar shanu, ya sauka a Agege ko Mile 12 bai ma san inda zai sa haƙarƙarinsa ba, babu mai kiran sa matsoraci. Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka iya wannan kasada ta farko su ne za ka tarar bayan shekaru suna nan inda mota ta sauke su: mai dako yana dakonsa, mai gadi yana gadinsa, yaron shago har ya fara furfura yana jiran ranar da ubangida zai tuna da sallamarsa. In ka zauna da su za ka ji kowa yana da abin da yake son farawa, kuma sau da yawa ya san yadda ake yin abin, sai dai yana jiran wata rana da zuciyarsa za ta yi ƙarfi. Haka ɗalibin da ya faɗi JAMB sau ɗaya ya ƙi sake sayen fom, haka matar auren da take haɗa turaren wuta mai kyau a Idi-Araba amma take jin nauyin faɗa wa maƙwabciyarta farashinsa.

Wannan ranar da ake jira ba ta zuwa da kanta, domin ƙarfin gwiwa bayan aiki yake biyowa. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, ya yi bayani a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana fitowa daga wurare huɗu: abin da ya taɓa yi da hannunsa ya ga ya yiwu, abin da ya ga irinsa ya yi, abin da waɗanda ya yarda da su suka faɗa masa, da kuma yadda yake fassara bugun zuciyarsa da rawar jikinsa a lokacin da abu ya taso. A cikin huɗun nan, na farko ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya gwada wannan a kan masu matsanancin tsoron maciji, inda yake sa su fara kallonsa daga bayan gilashi, sannan su matso, sannan su taɓa shi da safar hannu, har su kai ga riƙe shi da hannu tsirara. Babu wanda aka yi wa huɗubar jarumta a cikinsu, an dai yanka musu aikin ne ƙanana-ƙanana yadda kowane mataki zai yiwu. Duk abin da zai biyo baya a nan a kan wannan tushe yake.

Raba asara da kunya

Ka fara da takarda da biro, ko da boko ko da ajami, in kuma rubutu bai zauna maka ba ka naɗi muryarka a waya. Ka faɗi abin da kake son yi a jumla ɗaya mai iyaka. "Ina son in ci gaba" ba jumlar aiki ba ce. "Ina son in fara sarin albasa ina kasawa a Ketu kafin azumi" ita ce jumlar aiki. Daga nan ka jero duk abin da kake tsoron zai faru, kada ka ɓoye ko ɗaya, har wanda kake jin kunyar faɗa wa kanka. In ka duba jerin da kyau za ka ga ya rabu gida biyu. Akwai abubuwan da ake iya ƙirgawa, wato kuɗi, lokaci, wurin aiki da wurin kwana. Akwai kuma waɗanda ba a ƙirga su, wato dariyar abokai, maganar 'yan majalisar hira, da labarin da zai kai gida cewa wane ya karye a Ikko. Maganin na farko lissafi ne, maganin na biyu sabo ne, kuma wanda ya cakuɗa su wuri ɗaya zai ga abin ya yi masa girman da ba zai tunkaru ba.

Yana da kyau ka san cewa zuciya ba ta yin adalci a wannan awo. Masanan halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa nauyi a wurin ɗan Adam, kuma binciken da ya biyo baya ya kimanta bambancin da kusan ninki biyu. Ma'ana, naira 50,000 da za ka iya rasawa tana yi maka ihu a kunne fiye da naira 50,000 da za ka iya samu. Tsoro kamar ɗan kasuwar Balogun yake, farashin da ya fara yankawa ba shi ne farashin kaya ba, kuma babu ɗan Legas mai hankali da yake biya bai taya ba.

Yadda ake taya shi kuwa shi ne a sa wa asara iyaka tun kafin a fara. A ɗauki saurayi mai dakon kwanduna a Mile 12 wanda ya kwashi adashe, a ce naira 300,000. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaya daga cikin biyu: ko ya zuba kuɗin gaba ɗaya a kan tumatir domin ya ga wani ya ci riba a makon jiya, ko ya riƙe su yana tsoro har biki da rashin lafiya da 'yan rance su cinye. Hanyar da ta fi ita ce ya fara ware kuɗin ɗaki, da abin da ya saba aikawa gida na wata biyu, da na abincinsa, domin waɗannan ba jari ba ne ko da suna hannunsa. Abin da ya rage sai ya kasa uku, ya shiga kasuwa da kashi ɗaya kawai, ya ce wa kansa a fili cewa ko wannan kashin ya tafi gaba ɗaya zai kwana a ɗakinsa, iyayensa za su ga saƙo a ƙarshen wata. Ya fara da kayan da ke jure kwana, irin albasa ko busasshen barkono, ya bar tumatir sai idonsa ya buɗe, domin kwandon tumatir ba ya jiran mai koyo: na sama jajaye masu sheƙi, na ƙasa kuwa sun sha nauyi da zafin hanya tun daga Arewa, sai an karyar da su ga masu dafa abinci kafin la'asar. Ya sa kuɗin dako da na mota da tikitin kasuwa da leda a cikin lissafinsa, tunda su ne ke cinye ribar sabon shiga ba tare da ya ga inda ta bi ba. Kuma kada ya saki dakon da ke ciyar da shi a makon farko. Ya yi dakonsa da asuba lokacin da motoci ke sauke kaya, ya kasa nasa da hantsi.

Wannan tsari bai tsaya ga kayan gwari ba. Mai gadin da ke son koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja yana iya neman canjin aiki zuwa na dare kafin ya ajiye aikin, kuma mai son buɗe shago yana iya fara tebur a gaban shagon wani kafin ya biya hayar shekara da la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya, waɗanda a garin nan sukan cinye jari tun ba a sayo kaya ba. Abu ɗaya da zan tsananta a kai shi ne kuɗin amana. Kada ka yi gwajin farko da kuɗin da wani ya ba ka ajiya, ko na marayu, ko bashin da aka sa wa ranar biya, domin tsoron da za ka ji a kan irin wannan kuɗi tsoro ne na gaskiya, kuma bai kamata a cire maka shi ba.

Akwai wata dabara da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007 wadda take taimakawa matuƙa a nan. Ka ɗauka an yi wata uku, abin ya riga ya rushe, sannan ka tambayi kanka me ya rushe shi. Za ka ga amsoshin suna fitowa da sauri fiye da lokacin da kake tambayar ko zai yiwu. Wani zai ce bashin da 'yan garinsu za su karɓa su ƙi biya. Wani zai ce ruwan sama da ambaliyar da ke hana ciniki a damina. Wani zai ce jami'an gwamnati masu kwashe kayan da aka kasa a bakin titi, tunda dokar jihar ta hana talla da kasa kaya a manyan hanyoyi. Wani kuma, in ya yi wa kansa gaskiya, zai ce cin jari. Kowace amsa sai ka rubuta mata rigakafi a gefenta, wadda ba ta da rigakafi kuma ka sake duba ko wurin ko lokacin ne bai dace ba.

Kunya da idon mutane

Wannan ɓangaren ya fi wuya, domin ba a warware shi da kalkuleta. A shekarar 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji da suka yi a Jami'ar Cornell, inda suka sa ɗalibi ya saka riga mai hoton da yake jin kunyarsa ya shiga ɗakin da wasu ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura, alhali waɗanda suka lura ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. In haka abin yake a ɗaki ɗaya, ina ga Oshodi da ƙarfe bakwai na safe, inda kowa yake kokawar shiga danfo yana dafe da aljihunsa? Kwandastan da ya yi wa Turancinka dariya ya manta da fuskarka kafin motar ta kai tasha ta gaba.

Sai dai ba zan ce maka babu mai kallonka ba. A zango, da masallacin unguwa, da teburin mai shayi, ana kallo kuma ana magana, yanzu kuma waya tana kai labari ƙauye kafin ka gama ƙirga asararka. Abin yi shi ne ka rage yawan mutanen da maganarsu take da hakki a kanka. In ka ƙirga da gaske ba su da yawa: iyayenka, matarka ko mijinki, wanda ya sa kuɗinsa a cikin harkar, da wataƙila malami ko dattijo ɗaya da kake jin maganarsa. Waɗannan ka riga kowa faɗa musu, kuma ka faɗa musu a matsayin gwaji mai iyaka, kada ka yi musu alkawarin gina gida. Kana iya cewa: "Baba, zan gwada sarin albasa da kashi ɗaya na kuɗin adashena. In ta karɓe ni, alhamdu lillahi. In ba ta karɓa ba ina nan a kan aikina, kuma saƙon gida ba zai tsaya ba. A sa mini albarka." Wanda ya yi wannan magana tun farko ya riga ya zare wa labarin ƙaya, domin in abin bai yiwu ba babu wani ɗan tsegumi da zai kai wa mahaifinsa sabon labari. Sauran jama'a kuwa za su yi zancen na 'yan kwanaki, wani sabon zance ya zo ya ture naka.

Wasu sukan fake da cewa kunya ai tarbiyya ce. Gaskiya ne, amma kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana saɓo da rashin ladabi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Wadda ke hana ka tambayar abin da ba ka sani ba, ko neman hakkinka, ko faɗin farashin kayanka, ba ta cikin wannan yabo.

Ana rage irin wannan jin nauyi ne ta hanyar hawa mataki-mataki, dabarar da likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe ya tsara tun 1958 kuma har yau ake amfani da dabarun da suka samo asali daga gare ta a asibitoci. A ɗauki harshe, wanda shi ne katangar da ta fi tsare Bahaushe a Legas. Mai jin tsoron buɗe baki a gaban waɗanda ba Hausawa ba kada ya fara da neman aiki a ofis a Victoria Island. Ya fara da gaida maƙwabcinsa Bayarabe da harshensa kullum safe, ko da gaisuwar kaɗai ya iya. In wannan ya daina sa masa faɗuwar gaba, ya shiga kasuwar da ba a san shi ba ya yi ciniki da Buroka tun daga tambayar farashi har karɓar canji. Bayan haka ya shiga banki da kansa ya cika takarda, ya tambayi ma'aikaci abin da bai gane ba, maimakon ya tsaya a waje yana neman wanda zai shigar masa. Sannan ya kira lambar da ya gani a tallar neman ma'aikata ya tambayi sharuɗɗa, ko da bai shirya nema ba. Ƙa'idojin hawan guda biyu ne kawai. Kada ka gudu a lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, domin gudun yana koya wa zuciya cewa shi ne ya cece ta, gobe kuma tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Ka tsaya har ka ji ya fara sauka. Kuma kada ka haye mataki na gaba sai wanda kake kai ya fara gundurar ka.

Ga mata masu sana'a a cikin gida, masu turare da humra da dambun nama da ɗinki, waɗanda yawancin cinikinsu ta WhatsApp ne da bakin maƙwabta, matakan da suka fi nauyi su ne faɗin farashi da bin bashi. Ki rubuta farashin a jikin kwalba ko a ƙarƙashin hoton, domin rubutu ba ya jin nauyin kowa. In za ki bi bashi, ki shirya jumlar tun daga gida, gajera, mai ladabi, mai rana a cikinta: "Hajiya, ina wuni? Na zo ne a kan cikon kuɗin turaren nan, domin ranar Asabar zan shiga kasuwa sari." Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta amsa. Shirun nan shi ne wurin da yawancin mata suke karaya su ce "ai ba komai, sai kin samu", kuma daga wannan kalma jari yake fara zurarewa.

Kowane dare ka rubuta abu ɗaya da ka yi a ranar wanda a da kake kauce masa, da abin da ka zaci zai faru, da abin da ya faru a zahiri. Bayan wasu makonni wannan littafi zai zama shaidarka a kan zuciyarka, kuma ya fi kirarin kai amfani. Wani bincike da Joanne Wood ta jagoranta a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2009 ya gano cewa masu raina kansu da aka sa suna maimaita kalaman yabon kai sun ƙara jin ba daɗi, saboda zuciyarsu tana ƙaryata abin da bakinsu ke faɗa. Abin da aka rubuta da kwanan wata kuwa ba ya ƙaryatuwa.

Wa za ka kalla, wa za ka saurara

Duk inda aka yi zancen nasara a Legas sai an ambaci Aliko Ɗangote, kuma ina ganin ana ambatonsa ta gefen da ba ya amfanar mai farawa. Ya fara kasuwanci a 1977 da rance daga danginsa, kuma ya fito daga gidan Ɗantata ta wajen uwa, gidan da ya yi zamani yana fatauci. Mai baro a kasuwa ba daga nan zai tashi ba. Abin da ya fi dacewa a duba a tarihinsa shi ne inda abubuwa suka ƙi. Masana'antar tumatir da ya buɗe a Kadawa ta jihar Kano a 2016 ta tsaya ba da jimawa ba, a shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Arewa har farashi ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin Legas. Matatar mansa da ke Lekki, wadda aka gina da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, an yi ta ɗage ranar kammala ta shekara da shekaru kafin a ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023. Mai kuɗi da ƙwararru ma lissafi yana kuɓuce masa.

Wanda zai ƙara maka ƙarfin gwiwa na gaske shi ne wanda ya yi kama da kai kuma ya riga ka da taki biyu ko uku: wanda kuka yi dako tare yanzu yana da rumfa, ko wadda ta yi aure da 'ya'ya kuma ta koma ta rubuta WAEC. Ka je wurinsa da kanka, ka tambaye shi yadda watansa na farko ya kasance da inda ya yi asara, matambayi ba ya ɓata. Hotunan motoci da ɗaurin kuɗi da ake bazawa a Facebook da TikTok kuwa babu darasi a cikinsu, sai karya zuciya. Wajen shawara kuma ka bambanta mai cewa "ba za ka iya ba" da mai cewa "ba a yin sa haka". Na biyun ka riƙe shi ko da maganarsa tana da ɗaci.

Jiki da tawakkali

Bugun zuciya da bushewar baki da gumin tafin hannu kafin jarrabawa ko ganawar neman aiki shiri ne da jiki yake yi, ba hukunci ba ne a kan iyawarka. Ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, ka maimaita na ɗan lokaci. Ka yi barci a daren, ka rage shayi mai kauri da goro da safen, ka fita da wuri domin cunkoson hanya kaɗai ya isa ya kai mutum wurin ganawa a birkice. Ka nisanci tramadol da makamantansa da wasu ke sha wai don su cire kunya ko su jure aiki, domin ƙarfin da suke bayarwa aro ne, kuma jarabar shansu da farfaɗiya suna cikin abin da suke jawowa. Ka kuma shirya wa lokacin ruɗewa tun kafin ya zo, ta hanyar da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna amfaninta a 1999, wato ƙulla "in kaza ya faru, zan yi kaza". Misali, in aka yi mini tambayar da ban gane ba, zan ce a maimaita mini a hankali. In na manta abin da zan faɗa, zan duba takardata.

Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna ya faɗi tsoronsa a fili, ya roƙi a buɗe masa ƙirji, a sauƙaƙa masa al'amari, a warware ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar magana, sannan ya tafi. Ka lura cewa addu'a da neman mataimaki da tafiyar duk a tare suke. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Saboda haka ka yi istihara, ka yi shawara, ka sa rana, in ranar ta zo ka tashi.

Inda ya kamata ka tuhumi kanka shi ne lokacin da "in Allah Ya yi zan fara" ta shekara a bakinka ba tare da ka je ko tambayar farashi ba. Akwai wata ɗabi'a da masanan halayyar ɗan Adam Steven Berglas da Edward Jones suka bayyana a 1978, inda mutum yake sa wa kansa tarnaƙi da gangan domin in ya faɗi ya sami abin ɗora wa laifi. Ɗalibin da ya ƙi buɗe littafi sai ana saura mako ɗaya jarrabawa sau da yawa ba lalaci ke damun sa ba. Yana tsoron ya yi iyakar ƙoƙarinsa kuma ya faɗi, sai ya zaɓi faɗuwar da za a ce ai bai yi karatu ba ne. In ka gane wannan a tare da kai, maganinsa shi ne ka sa wani ya zama shaida a kan shirinka, ya riƙa tambayar ka kowace Juma'a inda ka kai.

In an gwada abin ya ƙi

Zai ƙi wani lokaci, kuma yadda ka bi da makon farko shi ne zai nuna ko za ka sake gwadawa. Kada ka yanke wani babban hukunci a cikin kwanakin zafin, kada ka sayar da sauran kayanka ka hau motar gida cikin dare, kada kuma ka ci bashi domin ka rama asarar a zama ɗaya, musamman ta hanyar cacar ƙwallo da ta cika unguwanni. In da kuɗin wani a ciki, ka je masa da ƙafarka kafin ya ji a bakin wani, ka kai masa lissafi a rubuce: "Alhaji, ga abin da na saro, ga abin da ya fita, ga inda aka samu matsala, ga kuma yadda nake ganin zan riƙa biya." 'Yan kasuwa sun san asara, kowannensu ya taɓa ɗanɗana ta, abin da ba sa yafewa shi ne kashe waya da ɓuya.

In hankali ya kwanta sai ka raba musabbabin gida uku: abin da ya fito daga hannunka, abin da ya fito daga rashin sani, da abin da ya fi ƙarfinka. Dubban 'yan acaɓa sun rasa hanyar abincinsu lokacin da gwamnatin jihar ta taƙaita sana'ar a watan Fabrairun 2020, ta kuma hana ta a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, daga 1 ga Yunin 2022. Wanda wannan ya rutsa da shi bai gaza ba, kuma zalunci ne ya ɗauki abin a matsayin shaidar cewa ba shi da sa'a ko ba shi da kai. Amma wanda ya ba da rabin kayansa bashi ga 'yan garinsu yana da gyaran da zai yi, kuma gyaran ƙarami ne mai suna, wato daina ba da bashi ko sa masa iyaka. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya hana mumini zama yana cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", bayan ya umarce shi da kwaɗayin abin da zai amfane shi da neman taimakon Allah da barin kasala. Duba musabbabi domin gyara daban yake da zaman da-na-sani.

Ɗalibi ma haka zai yi. Makin JAMB a kan 400 yake, kuma sakamakon yana nuna abin da ka ci a kowane darasi, don haka ka duba wanne ne ya ja ka ƙasa maimakon ka ce kai ba ɗan boko ba ne. In Turanci ko lissafi ne ya hana ka cika kiredit biyar, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a wasu fannoni. In kuma kwamfutar ce ta ruɗa ka a zauren jarrabawa, ka biya kuɗin awa a shagon intanet ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka har linzamin kwamfutar ya zauna a hannunka. Ko ɗalibi ne kai ko ɗan kasuwa, ka sa ranar komawa tun a cikin makon da ka gama wannan bincike, kuma gwaji na biyu ya zama daidai da na farko ko ƙasa da shi a girma.

Akwai kuma matakin da abin ya wuce shawara irin wannan. In tsoro ya kai ga hana ka barci makonni, ko kana samun bugun zuciya mai tsanani da toshewar numfashi haka kawai har ka ji kamar mutuwa za ka yi, ko ka daina fita da cin abinci da shiga mutane, ko tunanin raba kanka da duniya ya fara zuwa maka, to wannan rashin lafiya ce da ake magani, kuma addu'a ba ta hana ganin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba masu damuwa da fargaba waɗanda suke zuwa su koma gida a ranar, ba masu taɓin hankali kaɗai ba kamar yadda ake zolaya a gari, haka ma asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba yana da sashen. In tunanin cutar da kai ne, kada a jira gobe, a faɗa wa wani na kusa a tafi a ranar. Ka tafi da ɗan'uwa ko aboki mai jin Turanci in kana buƙatar tafinta, ka faɗa wa likita lokacin da abin ya fara, da yadda barcinka yake, da duk wani magani ko ƙwaya ko jiƙo da kake sha.